Wa Ya Yi Rabon?

Akwai kalma guda a bakin Hausawa wadda ta ke ɗauke da kaya biyu, ita ce rabo. Idan ruwa ya sauka a gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa, mu kan ce rabo ne, watau abin da Allah ya yanka wa mutum, ba mai ƙara masa, ba mai rage masa. Amma idan uwargida ta zauna gaban tukunya da mara a hannunta, tana sa wa wannan malmala biyu, wancan kuwa ɗaya, wannan ma rabo mu ke ce da shi. Na fari ba inda a ke kai ƙararsa. Na biyu kuwa, ko yaro ƙanƙane ya san yana da bakin tambaya, ya ce, "Inna, don me nawa ya fi ƙanƙanta?"

Sa'ad da labari ya bazu a Roni, ko Kazaure, ko Babura, ko Gwiwa, cewa ɗan gidan wane ya sami tafiya ƙasar waje garin karatu, mutane su kan zo barka, su ce rabonsa ne ya rantse. Idan kuwa aka juya ga tsaransa wanda ya bar makaranta tun yana aji uku, sai a ce ai shi ba rabonsa ba ne. Da wannan magana a ke rufe zancen, kowa ya koma gida da zuciya a kwance. Tambayar da mu ke so mu sa a gaban mai karatu ita ce, wane irin rabo ne wannan cikin biyun nan? Na ruwan sama ne, ko na mai mara? In kuwa na mai mara ne, me ke wuyan wanda aka cika wa akushi?

Irin ɗaliban nan ba su da wuyar samu yanzu. A 2012 Gwamnatin Jihar Kano ta tura 501 ƙasashen waje a tashi ɗaya. Tsakanin 2015 da 2024 Gwamnatin Jigawa ta aika da samari da 'yammata karatun likita a ƙasar Sin, da Sudan, da tsibirin Saifurus. Waɗansu kuma iyayensu ne su ke biya, waɗansu jami'o'in can ne su ke ɗaukar nauyinsu. Bari mu ɗauki guda, ba sai mun ba shi suna ba, mu ce daga wani ƙauye na ƙasar Roni ya fito, Ingila kuma ya sauka.

Dogayen benaye da jiragen ƙarƙashin ƙasa ba za su daɗe suna ba shi mamaki ba, gama ya riga ya gan su a waya tun yana gida. Abin da zai tsaya masa a rai ƙaramin abu ne. Da safe, wajen ƙarfe takwas da rabi, zai ga titi cike da yara sanye da kayan makaranta. Da ƙarfe goma kuwa ya duba gabas, ya duba yamma, ba yaro ko ɗaya a waje. Ba mai talla, ba mai kiwo, ba mai riƙe da kwano. Ɗan mai shara da ɗan mai gadi duk suna aji. Idan yaro ya yi ta fashin makaranta ba dalili, hukuma ta kan rubuta wa iyayensa, har ta ci su tara. A unguwar da ya ke haya akwai ɗakin littattafai, kowa ya shiga ya ari littafi ya kai gida, ba ko kwabo. Ran da aka shiga ɗakin gwaji, sai ya tarar abokan karatunsa sun saba da madubin nan na duban ƙwayoyin cuta tun suna 'yan shekara goma sha biyu, shi kuwa a jikin allo ya san shi, inda malami ya zana hotonsa da alli, ya ce a haddace sunayen sassansa. Abin da ya fi ɗaure masa kai, su ba su ɗauki wannan a bakin wani gata ba. A wurinsu kamar iskar da a ke shaƙa ne.

To, a cikin ɗakin nan shi ne matalauci. Amma da dare ya yi, ya buga waya gida, sai magana ta juya. A ba shi labarin abokinsa da su ke zama kusa da juna a aji uku, wanda ya fi shi lissafi nesa ba kusa ba, yanzu yana tura kurar ruwa a Kano. A ce masa an sa ranar ƙanwarsa, ita kuwa ko firamare ba ta ƙare ba. Mutum ɗaya cikin yini ɗaya, da rana shi ne na baya a wurin rabo, da dare shi ne na gaba. An ce tafiya mabuɗin ilmi. Cikin dukan abin da ɗalibin nan zai komo da shi, wanda ya fi nauyi ba a ba da takardar shaida a kansa, shi ne ya tsaya a tsakiyar tsani, ya ga na bisansa, ya kuma ga na ƙarƙashinsa.

In ya bi tarihin ƙasar da ya sauka, zai sami abin da zai taimake shi amsa tambayarmu. Ingila ba haka ta faɗo daga sama ba. A farkon ƙarni na 19 'ya'yan talakawanta suna aiki a masaƙu da ramukan kwal tun ba su yi wayo ba. A 1833 aka yi dokar hana sa yaron da bai kai shekara tara ba aiki a masaƙa, a 1842 kuma aka hana shigar da wanda bai kai goma ba cikin rami. A 1870 Majalisarsu ta yi dokar gina makarantu a duk inda babu. A 1880 aka tilasta wa iyaye su kai 'ya'yansu, a 1891 aka ɗauke musu kuɗin makarantar elemantare, a 1944 aka sa ta sakandare ma ta zama kyauta. Dokokin nan sai da aka sha gardama a kansu. Akwai masu masaƙu da manyan manoma da suka ce in an kwashe yara wa zai yi aiki, akwai kuma iyayen da suka ce ba za su iya rasa ɗan abin da yaro ya ke kawowa ba. Mai karatu ya san wannan magana sarai, gama a ƙofar gidansa ma ana yinta.

Malam Aminu Kano ya je Landan karatun aikin malanta a 1946, shekara guda bayan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau da abokan tafiyarsu. Ƙasar da ya tarar ba ta cikin wadata. Yaƙin Hitila bai daɗe da ƙarewa ba, unguwanni a rushe, bashi ya yi wa gwamnati katutu, ko burodi sai da kati a ke samu. Duk da haka a cikin shekarar nan ta 1946 aka soma ba kowane ɗan makaranta madara kyauta, a 1947 kuma aka ƙara shekarun zama makaranta dole zuwa goma sha biyar. Mutanen da su ke auna burodi ba su ce a dakata da maganar yara sai arziki ya komo ba. Saboda haka idan wani mai mulki ya ce mana babu kuɗi, yana iya zama gaskiya ya faɗa, amma bai faɗe ta duka ba. Sauran gaskiyar tana cikin abin da aka sa gaba, da abin da aka bari a baya.

Kada kuwa mu ɗauka can an gama gyara. Wajen yara bakwai cikin ɗari a Ingila makarantun kuɗi su ke zuwa, su ne kuwa suka cika manyan kujeru fiye da ƙidayarsu. Makaranta guda, Eton, wadda aka kafa a 1440, ta fitar da firayim minista ashirin. Can ma mara tana aiki, sai dai an yarda cewa ba yaron da za a bari da akushi wayam.

Mu komo gida. Kada wani ya ce ƙasar Hausa ba ta san karatu ba sai da Turawa suka zo. Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru suna tara malamai, makarantun allo kuwa sun cika garuruwa. Amma tun ran da mulki ya koma hannun Turawa, ƙofar ofis da ta asibiti da ta majalisa da mabuɗin boko a ke buɗe su, mabuɗin nan kuwa ba a raba shi daidai ba. A Ikko, watau Legas, mishan ta C.M.S. ta buɗe makarantar sakandare tun 1859. A Arewa sai 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, da fari kuwa domin malamai da 'ya'yan sarakuna ne. Kwalejin Katsina sai 1921, shekara sittin da biyu bayan ta Ikko, ita ma 'yan kaɗan ta ke tsinta daga larduna. Gwamnatin Turawa ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addini ba, saboda haka ta tsare mishan daga yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi, amma ita kanta ba ta gina makarantun da za su cike gurbin ba. 'Yan malaman ofis da za su riƙe littafin haraji na En'e sun ishe ta. A 1955 Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Awolowo ta sa firamare kyauta, 'yan makaranta suka tashi daga wajen 457,000 zuwa wajen 811,000 cikin shekara guda. Arewa ba ta ga irin wannan ba sai da aka yi shirin firamare kyauta na ƙasa duka a 1976. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun zo, wannan kuwa ya isa amsa ga masu cewa talaka ba ya son karatu. Kowace shekara cikin waɗanda muka lissafa, mutane ne suka zauna a ɗaki, suka yanke shawara, suka sa hannu a takarda.

Da yawa cikin masu karatu sun san Wusasa. Ƙaramin wuri ne a bayan birnin Zariya, inda mishan ta C.M.S. ta koma a 1929, bayan Likita Mila ya yi shekaru a cikin birni. Daga cikin 'yar jama'ar nan da makarantarta aka sami R. A. B. Dikko, wanda ya wuce King's College ta Ikko, ya tafi Jami'ar Birmingham, ya zama likita na fari ɗan Arewa. Ta nan Ishaya Audu ya bi, ya zama likita, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma can ya tashi. Shin ƙasar Wusasa dabam ce? Ko ruwan rijiyarta ne ke ƙara kaifin kai? Makaranta ce kawai aka ajiye a wurin. Allah ya watsa basira ko'ina kamar yadda a ke yafa iri, ba ya duban ko gari yana bakin titi ko yana lungu. Da a Gwiwa aka ajiye makarantar nan, da 'ya'yan Gwiwa mu ke lissafawa yau.

Roni ma ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1940 mishan ta S.I.M. ta buɗe makarantar kwana ta samari a nan, yara suka zo daga wurare dabam dabam, ba 'ya'yan kowan kowa ba, waɗansu ma daga garuruwan majiyyata da mishan ke lura da su. Waɗanda suka fita daga cikinta suka zama malaman makaranta, da malaman asibiti, da masu bishara, da ma'aikatan gwamnati. Abin godiya ne ƙwarai. Amma gaskiya ta sa mu faɗi cewa makarantar samari ce, gadajenta kuma ƙidayayyu ne. Kowane yaro da aka karɓa ya bar yayye da ƙanne a gida, balle 'yan'uwa mata. Ga gida biyu a ƙauye ɗaya, kakan wannan an ɗauke shi, kakan wancan kuwa ran da aka zo ɗauka yana jeji da awaki. Yau tsakanin jikokinsu akwai tazarar da ta fi ta Roni zuwa Landan.

Wani zai ce, ashe ɗalibin nan bai yi kome ba ke nan? Ya yi. Ya yi karatu da aci-balbal, ya taka da ƙafa rani da damina, ya ci jarrabawa ba da satar amsa ba. Cikin waɗanda suka sami dama irin tasa akwai da yawa da suka yi wasa da ita. Ba daidai ba ne a ƙwace masa ladan wahalarsa, in kuwa muka koya wa yara cewa ƙoƙari banza ne, mun cuce su. Amma manomi kome ƙwazonsa sai da gona. A ce an ba mutum ɗaya fadama, an ba na biyu fako, na uku kuwa an bar shi ba ko inda zai kafa fartanya. Da kaka mai fadama ya cika rumbu. Gaskiya ne ya yi noma, gumi ya zuba, amma rumbunsa ba ya shaida cewa ya fi sauran biyun ƙarfi. Hakanan jarrabawa, waɗanda suka iso ɗakin jarrabawa kaɗai ta ke aunawa. Mai tura kurar ruwan nan bai faɗi ba, ba a taɓa auna shi ba ne.

Bari kuma ɗalibin ya ƙidaya hannuwan da suka ɗaga shi. Akwai uban da ya yarda ya rasa mai taya shi noma. Akwai wan da ya tsaya a gona ya yi aikin mutum biyu. Akwai yayar da ta yi tallan gyaɗa da ƙuli aka saya masa littafin rubutu, ita kuwa ba ta taɓa riƙe fensir ba. Akwai malamin nan guda da ya kan zo aji ko albashi ya yi jinkiri. Bayan waɗannan da ya san fuskokinsu akwai dubbai da bai sani ba. A dā kuɗin da a ke tura ɗan Arewa karatu da shi daga haraji da jangali ya ke fitowa, da ribar gyaɗa da audugar da talaka ya noma aka saya a farashin da hukuma ta yanka. Haraji da jangali sai 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano, Roni kuwa tana cikinta a lokacin, gama Jigawa sai 1991 aka yi ta. Yau kuɗin man fetur ne a ke raba wa jihohi kowane wata, tare da harajin da a ke ɗorawa a kan kayan sayarwa. Mai tura kura yana da haƙƙi a cikin kuɗin nan daidai da na ɗalibin. Watau dai shi ma ya biya kuɗin jirgin, ko da ya ke ba wanda ya shawarce shi.

Wani kuma zai ce, in haka ne a daina tura kowa waje mana, tun da kuɗin da a ke kashe wa ɗalibi ɗaya a can ya isa ya gyara azuzuwa da dama a nan. Maganar tana da nauyi, ba za mu ture ta da ƙafa ba. Amma macen da haihuwa ta zo mata da gardama a wani ƙauyen Babura likita ta ke bukata, mijinta kuma wataƙila ba zai yarda ba sai likita mace. Ba a yin likita a firamare. Ƙasa ba ta zaunuwa sai da 'yan kaɗan da suka yi zurfi a cikin sani, wani sanin kuwa sai an ƙetare a ke samunsa. A ganina laifin ba ya cikin aikawar. Yana cikin zaɓen, in ya zama takardar babban mutum ta fi sakamakon jarrabawa ƙarfi, yana kuma cikin yayyafa wa reshe ruwa a bar saiwa a bushe. Kazaure tana da kwalejin fasaha ta Gwamnatin Tarayya, Babura ta sami jami'ar fasaha a 2021, abin murna ne. Amma yaron da ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba, ko a ƙofar gidansu aka gina jami'a, gadi ko leburanci kaɗai zai samu a cikinta.

Abin da ya faru a 2023 ya kamata mu yi tunani a kansa. Ran 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibai 'yan Nijeriya da yawa suka maƙale, cikinsu har da waɗanda Jigawa ta aika. Ƙasa duka ta ɗauka. Gidajen rediyo suka yi ta maganar safe da yamma, iyaye suna kuka, gwamnati ta yi hayar motoci suka ratsa hamada zuwa iyakar Masar, yaran suka yi kwanaki a bakin iyaka, sa'an nan jirage suka soma kwaso su daga Aswan a farkon watan Mayu. Daidai aka yi, gama ran mutum ba abin wasa ba ne, da 'ya'yanmu ne da haka za mu so. Amma shekara guda kafin wannan, a 2022, hukumar ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta ƙiyasta cewa yara da matasan Nijeriya da ba su zuwa makaranta sun kai wajen miliyan 20, mafi yawansu kuwa a Arewa su ke. Su ma a maƙale su ke, ba kwanaki ba, shekaru, amma ba wanda ya hana idonsa barci dominsu. Iyayen ɗaliban Sudan sun san wanda za su kira, sun iya rubuta takarda, sun san ƙofar gidan rediyo. Gata ya wuce littafi da benci. Babbansa shi ne mutum ya yi kuka a ji shi.

To, me ke wuyan wanda aka cika wa akushi? Kunya dai ba ta wuyansa, gama bai saci kome ba, in kuma ya zauna yana cizon yatsa, ba malmala ko ɗaya da za ta ƙaru a akushin wani. Girman kai ma bai dace da shi ba. Mun san irin wanda ya kan komo yana toshe hanci, yana cewa mutanenmu ba su waye ba, yana gauraya wa mahaifiyarsa Turanci. Irin wannan ya je, amma bai gani ba. Abin da ke wuyansa bashi ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Yawanci a cikin gida a ke biyan bashin nan. A aiko da kuɗi, a rufa wa tsoho ɗaki da kwano, a biya wa ƙanne makaranta. Abu ne mai kyau, wanda bai yi shi ba ma ba mu da abin ce masa. Sai dai harajin da ya kai shi na gari ne duka, gidansu kaɗai bai tara shi ba. A nan ne kuwa haɗarin ya ke, gata ya kan rikiɗa ya zama gado. Ɗalibinmu ya komo, ya sami aiki a Dutse ko Kano ko Abuja, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi. Ba na ganin laifinsa, wane uba ne zai jefa ɗansa a ajin da yara suka fi ɗari, malami kuma bai zo ba? Amma mu dubi abin da ya biyo baya. Makarantar ƙauye ta rasa mutum na ƙarshe wanda in ya yi magana za a saurara. Muddin ɗan hakimi da ɗan alƙali da ɗan manomi suna aji ɗaya, malami ba ya fashi, rufin da ya yaye kuma ba ya kai damina biyu. Da manyan suka kwashe nasu, sai aka bar makarantar gwamnati ga waɗanda ba su da murya. Bayan shekara goma ko ashirin ɗalibinmu shi ne mai raba malamai a ofis, shi ne mai rubuta kasafin kuɗi, shi ne ke zaune a kwamitin zaɓen waɗanda za a tura waje. Mara ta iso hannunsa, wataƙila bai ma lura da ranar da aka miƙa masa ita ba.

Waɗanda suka riga shi tafiya sun bar misali. Malam Aminu Kano ya komo a 1947, ya koma aji a Bauci, a 1948 ya tara malaman makarantun Arewa cikin ƙungiya guda, a 1950 kuma ya ajiye aikin gwamnati domin ya sami bakin magana. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950, ya nemi a gyara mulkin En'e domin talaka ya sami murya a cikinsa. Likita Dikko yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Hanyoyinsu na siyasa sun rabu, ba nan ne wurin yi musu shari'a ba, amma ba ko ɗaya cikinsu da ya ɗauki abin da ya gani a Ingila ya kulle a akwati domin 'ya'yansa kaɗai.

Waɗanda ba su komo ba kuwa, kada mu yi saurin jifansu. Likitan da ya koyi fiɗa, in an kawo shi asibitin da ba wuta ba kayan aiki, hannunsa mutuwa zai yi. Amma wanda ya sa hannu a yarjejeniya cewa zai komo ya yi wa jiha aiki shekara kaza, sa'an nan ya zille, wannan cin amana ne, ba shi da wani suna. Wanda kuma ya zauna can da halalinsa, bashin ya bi shi ya ƙetare teku, kayan Kirsimati da a ke aikowa sau ɗaya a shekara kuwa ba su kai kuɗin ruwansa ba.

Mu da ba mu je ko'ina ba, kada mu ce maganar ta wuce mu, gama kowannenmu yana riƙe da 'yar mararsa. Uban da kuɗinsa ya ishi yaro ɗaya kaɗai, ga ɗa ga 'ya, sau nawa ya kan tsaya ya duba wanda ya fi kai a cikinsu kafin ya ce namijin ya tafi? Sa'ad da ekklesiya ta tara gudummawa domin ta taimaki wani ɗalibi, ɗan wa a kan ba? Sau da yawa ɗan dattijon da ya iya roƙo a gaban taro ne, 'yar gwauruwar nan da ke zama a bencin baya kuwa ba wanda ya san ita ce ta fari a ajinsu. Ba mugunta ke kawo wannan ba, saba ido ne, amma yarinyar duk ɗaya ne a wurinta.

Tun 2004 Nijeriya tana da doka wadda ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Dokar ta tanadi horo ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karo na fari gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Ta kuma ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin makarantun nan, sai dai jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi, shi ya sa aka yi shekaru biliyoyin naira suna kwance, jihohi da dama ba su je sun ɗauka ba. Manomin da ke ƙauye bai san da wannan ba, in ma ya sani bai san ƙofar da zai buga ba. Wanda ya je ya komo ya sani. Yana iya zuwa ofishin ilmi na ƙaramar hukuma a Roni, ya tambayi malamai nawa aka rubuta wa firamaren ƙauyensu, sa'an nan ran Litinin da ƙarfe takwas ya tsaya a bakin makarantar ya ƙidaya nawa suka zo, ya kuma zaga unguwa ya ƙidaya yaran da ke waje. Ya rubuta adadin ukun nan a takarda ɗaya, ya sa sunansa da dukan digirinsa a ƙarƙashi, ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma da hannunsa, in wata ya zagayo kuma ya koma ya tambayi inda aka kwana.